Kwana 14 da "kwabo" a damtsen Hajiya: abin da na gani game da na'urar auna suga ta FreeStyle Libre 2

Warwaron Hajiya ne ya fara nuna mini akwai matsala. Shekara da shekaru yana tsaye cif a wuyan hannunta, sai an shafa sabulu kafin ya fita. Bara da damina ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai na ga ya zame har kusan gwiwar hannu. Na ce, "Hajiya, kin rame fa." Ta ce, "Ai ku kuka ce rama ita ce maganin suga." Gaskiyarta, mu muka ce, kuma har yau maganar nan tana ci mini rai.

Mahaifiyata shekararta 78, ta yi 16 a ciki tana fama da ciwon suga. Tun rasuwar Baba ta dawo wurina a nan Kano. Ƙwayoyi biyu take sha, metformin da glibenclamide, waɗanda aka rubuta mata tun farkon ciwon. Katin asibiti ya daɗe da ɓata, sai dai mu ɗauki tsohon kwali mu kai kemis a ba mu irinsa. Kowace safiya ina huda mata yatsa, na'ura ta nuna 4.8, gobe 5.1, jibi 4.5. In ɗauki hoto in tura zauren gidanmu na WhatsApp, kowa ya rubuto "Masha Allah". Mun hana ta shinkafa, mun hana fura, mun hana ayaba da mangwaro, nama ma muna tsakura mata. Tuwon alkama da miyar kuka, fate-faten acha, kullum su ke nan. Ta kai ga cin loma uku ta ture kwano, mu kuma muna ganin ƙoƙari take yi.

Wata asuba na ji ƙarar faɗuwar buta a banɗaki. Na same ta zaune a ƙasa, zani ya jiƙe, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu shekara goma da suka wuce. Ba ta rawar jiki, ba wani gumi sosai. Na ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Yaya da ya iso ya ce ruɗewar tsufa ce ta fara, wata makwabciya ta ce a nemo mai ruƙiyya. Kafin a samo mota na haɗa mata shayi mai madara da sukari don ta ji ɗumi, ta sha rabin kofi, bayan ɗan lokaci ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, me ya tara mutane?"

Likitar da muka gani a ranar, Allah ya saka mata da alheri, ba ta fara da na'ura ba. Ta ba Hajiya yatsunta biyu ta ce, "Mama, matse da ƙarfinki." Ta ce ta miƙe daga kujera ba tare da ta dafa ba, Hajiya ta gwada sau biyu ta kasa. Ta sa ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo, tana kallon agogo. Sannan ta juyo gare mu ta ce tsufa daban, raunin tsufa daban. Akwai ɗan shekara 80 da yake zuwa gona, akwai kuma wanda jikinsa ya saki, abu kaɗan zai kayar da shi ya daɗe bai farfaɗo ba. Ta ce tun 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka tsara alamu biyar da ake dubawa: rama ba da niyya ba, kamar kilo huɗu da rabi a shekara, yawan jin gajiya, raunin damƙa, jan ƙafa wajen tafiya, da raguwar kai-komo. Wanda ya haɗa uku ya shiga sahun masu rauni. Hajiya ta haɗa huɗu. Sai ta ce tana zargin suga ne yake faɗuwa cikin dare, kuma glibenclamide take tuhuma.

Yaya bai yarda ba, kuma na fahimce shi. Ya buɗe waya ya nuna mata hotunan safiya na wata uku, ya ce, "Likita, maganin da ya riƙe ta shekara 16 ne yau za a ce shi ne ciwon?" Ta ce hoton ƙarfe bakwai na safe ba ya ba da labarin ƙarfe uku na dare. Ta rage ƙwayar zuwa rabi nan take, ta rubuta gwajin ƙoda da gwajin suga na jini mai suna HbA1c, ta ce in muna da hali mu nemo na'urar da ake mannawa a hannu, ko ta mako biyu ce, kowa ya gani da idonsa.

Abin da muka sayo ke nan, FreeStyle Libre 2 na kamfanin Abbott. Ɗan farin faifai ne, faɗinsa bai kai murfin robar man shafawa ba, da 'yar ƙofa a tsakiya. Da Hajiya ta gan shi ta ce, "Wannan ai kwabo ne mai huji irin na zamaninmu." Tun daga nan sunansa kwabo a gidan. Yana zuwa da abin dannawa kamar hatimi. A goge bayan damtse da audugar sifirit, a bari ya bushe, a ɗora a danna. Allura ta shiga ta fito, ta bar wani siririn zare kamar gashi a ƙarƙashin fata, tsawonsa kusan milimita biyar. Ni da na danna sai da na runtse ido, ita kuwa ta ce, "An gama?" Ta ce huda yatsa ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Bayan awa ɗaya ya fara aiki, kuma yana yi har kwana 14. Ana kara masa wata 'yar na'ura kamar ƙaramar waya, ko ta saman riga, sai lamba ta fito, da kibiya mai nuna suga hawa yake ko sauka, da zanen layin awa takwas da suka wuce.

Tambayar farko da Hajiya ta yi ita ce alwala. Na nuna mata cewa kwabon yana can sama da gwiwar hannu, wankin hannu ba ya kaiwa wurin. Wanka ma ba ya hana shi aiki, ruwa ba ya shigarsa muddin ba a daɗe a nutse ba. Nas ɗin da ta koya mini sa shi ta tambayi ta wane gefe Hajiya take kwanciya, na ce dama, kamar yadda sunna ta koyar. Ta ce to a sa a hagu, domin duk na'urori irin wannan in aka danne su da nauyin jiki suna iya nuna suga ya faɗi alhali bai faɗi ba.

Daren farko na kunna ƙararrawar da ke kaɗawa in suga ya faɗi, na saita ta a 3.9, na ajiye na'urar a kan durowa kusa da gadonta, na shimfiɗa katifa a ƙasa. Ƙarfe uku saura ta yi ƙara. Na kara mata a hannu: 3.4, kibiya na kallon ƙasa. Hajiya na barci, numfashinta lafiya lau, da ba don ƙarar ba, da babu abin da zai sa in tashe ta. Na huda yatsa don in tabbatar, ya ba ni 3.2. Na taɓa wuyan rigarta, da ɗan damshi. Na tashe ta da ƙyar, na narkar da cokali ɗaya na sukari a ruwa, ta sha tana ƙunƙuni, na zauna ina kallon agogon bango minti 15 kamar yadda aka koya mini, na sake dubawa, 4.3. Na ba ta biredi da madara. Ta koma barci, ni ban koma ba. Na zauna ina lissafin darare nawa aka yi haka ina ɗakina ina barci, da safe in ɗauki hoton 4.8 in tura wa 'yan'uwa.

Dare na biyu ma haka, wajen ƙarfe biyu da rabi. Da gari ya waye na ɗauki hoton layin na tura wa Yaya ba tare da na rubuta komai ba. Layi ne da ya taso daga isha'i yana gangarowa a hankali har ya nutse ƙasa da jan layin haɗari, ya kwanta a can, sannan ya ɗago. Minti biyar bai cika ba ya kira ni, ya ce, "Ki shirya ta, ga ni nan zuwa."

Sakamakon jini ya riga ya fito. HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya ba da 6.1. Da a da ne da mun yi murna. Likita ta ce ga mace mai ƙarfi 'yar shekara 45 wannan abin yabo ne, ga Hajiya kuwa alama ce ta magani ya yi yawa. Ƙodarta ta rage aiki, kamar yadda take yi wa yawancin tsofaffi, don haka ƙwayar tana daɗewa a jiki. Glibenclamide kuwa matsa wa jiki take ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Ga mai cin loma uku, ga ƙoda mai sanyin aiki, sai dare ya raba suga ya zube. Ta ce ba sabon ilimi ba ne: tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa wannan ƙwaya ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Hajiya ta haura 60 da shekara 18, mu muna ta kai tsohon kwali kemis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninta kan dalilin da ya sa ba mu gane ba. Matashi in sugansa ya faɗi zai ji yunwa, rawar jiki, bugun zuciya, ya nemi abin zaƙi da kansa. Tsoho sau da yawa waɗannan alamun sun dushe, musamman in faɗuwar ta zama jiki. Abin da ake gani shi ne jiri, ruɗewa, magana ba kan gado, faɗan da ba dalili, ko faɗuwa a banɗaki. Mu kuma muna da sunaye da yawa da muke ba irin wannan a gidajenmu, tsufa, rigima, iska, ba kasafai ake cewa a auna suga ba. Faɗuwa ɗaya kuma in ta karya ƙugu, tsohuwa mai rauni tana iya kwanciyar da ba za ta sake tashi ba.

Daga baya na karanta abin da likitar ta ambata mana na wani babban bincike mai suna ACCORD, da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum fiye da dubu goma masu ciwon suga da haɗarin ciwon zuciya. An raba su biyu, wasu ana matsa musu magani don a kai HbA1c ƙasa da 6, wasu ana bi da su yadda aka saba. A 2008 aka dakatar da matsawar kafin lokaci, saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangaren da aka matsa. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ma ta raba tsofaffi gida-gida: mai ƙarfi a nema masa ƙasa da 7 ko 7.5, mai tarin cututtuka ko rauni ƙasa da 8, wanda jiki ya yi nisa kuwa a daina bin lamba, a tsare shi daga faɗuwar suga da kuma hawan da zai sa shi ƙishi da yawan fitsari. Hikimar a fili take. Amfanin matse suga, wato kare ido da ƙoda da jijiyoyi, sai bayan shekaru ake girbarsa. Cutarwar faɗuwarsa kuwa a daren nan take zuwa.

A rana ta uku aka cire glibenclamide gaba ɗaya, aka rage metformin daidai da ƙarfin ƙodarta. Ina roƙon mai karatu da girman Allah, kada ya karanta wannan ya je ya cire wa tsohonsa magani da kansa. Likita ce ta yi, bayan gwajin jini, kuma tana bibiya. Amfanin kwabon shi ne ya ba ta abin dubawa, ya ba mu kuma natsuwar yarda. Sauran kwana 11 ƙararrawar faɗuwa ba ta sake kaɗawa cikin dare ba. Layin ya koma yawo tsakanin 6 da 10, wani lokaci bayan cin abinci ya leƙa 11 ko 12 ya dawo. Ranar da na fara ganin 11 gabana ya faɗi, na kira likita, ta ce, "Ki bar ta ta ci abincinta." Ta ce ga masu rauni abin da masana suka yi ittifaƙi a kai shi ne fiye da rabin yini suga ya zauna tsakanin 3.9 da 10, kuma zamansa ƙasa da 3.9 kada ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, wato kamar kwata na awa a yini. Na'urar da kanta take lissafa wannan ta nuna.

Ta tona mana wani asiri kuma. Ranar Alhamis na ga layi ya miƙe tun safe babu tudun karin kumallo, babu na rana, yana ta gangara har la'asar. Na shiga ɗaki na ga kwanon abincinta a rufe a ƙarƙashin gado. Ashe Hajiya tana azumin Litinin da Alhamis a ɓoye duk ranar da na tafi makaranta, 'yar aikinmu kuma an ja mata kunne. Ban yi mata faɗa ba, na san abin da azumin nan yake nufi a wurinta, shekara 50 tana yin sa. Sai da muka zauna da ita da ƙanenta, wanda malami ne, ya karanto mata sauƙin da Allah ya yi wa tsoho da marar lafiya, da hukuncin ciyarwa a madadin na Ramadan. Likita ta ƙara da cewa ƙa'idar masu ciwon suga ita ce duk mai azumin da sugansa ya sauka ƙasa da 3.9 ya karya nan take. Hajiya ta yi kuka a ranar. Yanzu ita take ƙirga mudun da za a fitar, ba ta yarda kowa ya auna mata.

Wajen abinci ma mun sha mamaki. Tuwon alkamar da muka ɗora mata shekara da shekaru yana ɗaga mata suga kusan daidai da tuwon masarar da muka hana ta. Koko shi kaɗai da safe yana harba layin sama da sauri, amma in ta fara cin ƙosai ko dafaffen ƙwai sai tudun ya kwanta. Shinkafa da wake 'yar daidai, da man gyaɗa da salak, ba ta yi mata abin da muke tsoro ba. Wannan jikin Hajiya ne, na wani zai iya bambanta. Likita ta ce abin da tsohuwa mai rama take buƙata shi ne abin gina tsoka, don haka aka dawo da kifi, wake, alale, kindirmo marar sukari, dambun nama. Kullum bayan la'asar tana tashi-zauna daga kujera sau biyar, ina riƙe da hannunta.

Sai dai tsada. Kuɗin kwabo ɗaya ya fi abin da muke kashewa a duk magungunanta na wata, kuma bayan kwana 14 ya mutu, sai sabo. Na'urar karantawar ma kuɗinta daban. Ana iya amfani da waya a madadinta, amma ba kowace waya ba, kuma manhajar ba a kowace ƙasa take sauka ba, don haka a gwada kafin a biya. Na'urar tana zuwa da ma'auni ɗaya da ba a canzawa, ko mmol/L irin lambobin da nake kawowa, ko mg/dL. In taku ta huda yatsa tana nuna 70 ko 180, ku nemi mai irin wannan ma'aunin don kada kai ya ɗaure, ko ku riƙe cewa ana ninkawa ne da 18: 3.9 shi ne 70, 10 shi ne 180. A duba ranar lalacewa a jikin kwali. Shagon farko da na shiga sun miƙo mini wanda saura mako uku ya ƙare, a kan gilashin da rana take duka, na ajiye musu na fita.

Kwabo na biyu kwana huɗu ya yi ya faɗo, kuma laifinmu ne. Lokacin hunturu ne, an shafe Hajiya da man kaɗanya bayan wanka, na manna a kan fata mai maiƙo. In ya fita ba ya komawa. Fatar tsoho sakakkiya ce, sai an wanke wurin da sabulu, ya bushe ƙarau, an ɗan ja fatar kafin a danna, kuma a kula wajen cire riga da bakin ƙofa. Sannan kada a jefar da na'urar huda yatsa. Kwabon ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke tsakanin tsoka yake aunawa, shi ya sa yake bin jini a baya da 'yan mintuna. Duk lokacin da lambar ta saɓa da yadda mutum yake ji, yatsa ne alƙali. Mai shan bitamin C mai yawa ya gaya wa likita, domin yana iya sa lambar ta fi gaskiya tsawo. Ƙararrawar kuma sai na'urar tana kusa, cikin mita shida, kuma sai da mai jin ta. Hajiya ba ta taɓa farkawa da ƙarar ba, ni nake farkawa. Tsohon da yake kwana shi kaɗai a ɗaki, sai an fara samo mai kwana da shi.

A ganina wanda ya fi cancanta a saya wa shi ne tsoho mai shan insulin ko irin waɗannan ƙwayoyi masu zubar da suga, wanda ya fara rama, ko faɗuwa, ko ruɗewar da take zuwa ta tafi, musamman da asuba. Ba dole sai an dawwama a kai ba. Guda ɗaya, 'yan'uwa su yi karo-karo, a kai wa likita sakamakon, ya wadatar a gane inda aka dosa. Wanda ba shi da hali, likitarmu ta ce ya sa agogo ya huda yatsa kafin barci da kuma ƙarfe uku na dare na 'yan kwanaki, ya rubuta a littafi. Wahala ce, amma zai kama yawancin abin da muka kama.

Bayan wata uku HbA1c ɗin Hajiya ya koma 7.6, ta ƙara kilo biyu. Tana miƙewa daga kujera ba dafawa in ta yi niyya, sallah dai har yanzu a zaune take yi. Warwaron bai koma inda yake ba tukuna. Kwabo na uku yana cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi, likita ta ce a manna shi a farkon Sha'aban, domin Hajiya ta fara maganar ko za ta gwada kwana ɗaya-ɗaya a azumin bana, kuma likitar ta ce ba za ta ce komai ba sai ta ga layin.